Labulen da ke Tsakanin Ido da Kunne

A watan Maris na 1920 zauren Carnegie Hall da ke birnin Niyok ya cika maƙil. Mawaƙiya Anna Case ta tsaya kusa da garmahon kamfanin Edison, aka ɗora faifanta, ta shiga rerawa tare da shi. Can sai ta yi shiru faifan ya ci gaba, can kuma ta sake karɓa. Daga nan aka kashe fitilu, waƙa ba ta yanke ba. Da haske ya dawo babu Case a dandamali, garmahon ne kaɗai ke rerawa. Tun 1915 kamfanin yake shirya irin wannan taro gari gari a Amurka, kuma jama'a da yawa sun tashi suna rantsuwa cewa ba su iya raba muryar mutum da ta na'ura ba.

Wanda ya taɓa jin faifan wancan zamani zai yi mamaki. Garmahon ba ya amfani da lantarki wajen fitar da sauti, allura ce da ƙaho kawai, kaurin sauti ba ya fita, ga shuu ɗin faifai a ƙarƙashin waƙa. Bayan shekaru masu yawa Case da kanta ta faɗi yadda aka yi: ta horar da muryarta ne ta riƙa kwaikwayon faifan. Tun daga ranar farko ke nan, kwatanta sauti ya zo tare da ciniki, kuma mai kaya shi ne mai shirya gwajin.

Lasifikar da muka sani yau ta biyo baya kaɗan. A 1925 injiniyoyi biyu na General Electric, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana tsarinta: takarda mai siffar mazurari, an liƙa mata ɗan naɗin waya a gindi, naɗin yana zaune cikin maganaɗisu. Idan lantarkin sauti ya bi ta wayar sai takardar ta yi gaba ta yi baya, ta tura iska. Shekara guda bayan haka kamfanin RCA ya fara sayar da ita a kan dala 250. Lasifikar da ake sayarwa yau a kan ɗaruruwan dubban daloli, mafi yawansu a kan wannan tubali suke. Bambancin yana wajen kayan haɗi, da ginin akwati, da yadda ake raba aiki tsakanin babbar lasifika mai fitar da kauri da ƙarama mai fitar da siririn sauti. Da kamfanoni suka yawaita kuwa, dole a tambaya wacce ta fi, da kuma wa zai yanke hukunci.

A 1945 wani bincike na gidan rediyon CBS ya nuna abin da ya ɗaure wa masana kai: masu sauraro sun fi son a datse siraran sautuka na can sama. Harry Olson na RCA bai yarda ba. A 1947 ya zaunar da makaɗa na gaske a bayan labule, ya sa wasu allunan tace sauti tsakaninsu da jama'a, waɗanda idan an juya su suke tare duk sautin da ya haura karkarwa 5,000 a daƙiƙa. Babu lasifika ko ɗaya a ɗakin. Mafi rinjayen masu sauraro suka zaɓi sautin da ba a datse ba. Ashe abin da mutane ke gudu a baya shi ne ƙazantar da na'urorin lokacin ke zubawa a saman sauti. A ganina wannan gwaji ya fi na Edison daraja nesa ba kusa ba, domin mai sauraro bai san yadda aka juya allunan ba sa'ad da yake faɗin ra'ayinsa.

Duk da haka salon Edison bai mutu ba. Gilbert Briggs, mai kamfanin Wharfedale a Yokshaya, ya kama zauren Royal Festival Hall na Landan a 1954, ya jera lasifikokinsa kusa da makaɗa, ana jin wannan ana jin wancan. A Amurka kuma Edgar Villchur, wanda ya kafa Acoustic Research tare da Henry Kloss a 1954, ya yi irinsa a farkon shekarun 1960 da ƙungiyar masu goge huɗu da ake kira Fine Arts Quartet. Villchur mutum ne mai tsantseni. Ya ɗauki kiɗan ne a fili, a waje, don kada amon wani ɗaki ya shiga tef ɗin ya haɗu da amon zauren. Makaɗan sukan ɗaga hannu a tsakiyar kiɗa, lasifikar AR-3 ta ci gaba, mutane da dama ba su gane wurin canjin ba. Aiki ne na gaskiya, amma yana da iyaka. Mai taro shi ke zaɓen kiɗan da kayansa za su iya ɗauka, babban zaure yana rufe aibi da yawa, sannan ba a taɓa ajiye lasifikar abokin gasa a gefe ba. Mai saye kuwa a falonsa zai ajiye ta, kuma tsakanin biyu ko uku yake son zaɓe.

Injiniyoyin BBC sun bi wata hanya mai sauƙi. Su Dudley Harwood da Spencer Hughes sun dogara ƙwarai ga muryar mutum mai magana, domin kunne ya san ta fiye da kowane kayan kiɗa. In lasifika ta sa mutum magana ta hanci ko kamar daga cikin akwati, nan take za a ji. Daga wannan makaranta aka samu 'yar ƙaramar LS3/5A a tsakiyar shekarun 1970, wadda aka yi don motocin ɗaukar shiri a waje, amma har gobe masoya sauti na nemanta.

A ɓangaren mujallu gida ya rabu biyu. Julian Hirsch na Stereo Review ma'auni yake bi, ya buga lambobi. J. Gordon Holt ya kafa Stereophile a 1962 bisa hujjar cewa lambobin lokacin ba sa faɗin yadda abu ke sauti, sai an zauna an saurara. Harry Pearson ya biyo shi da The Absolute Sound a 1973. Holt yana da gaskiya a kan ma'aunin zamaninsa. Sai dai marubucin da ke sauraro yana kallon kayan, ya san farashinsu, sau da yawa ma ya san mai kamfanin. Kalmomin da suka ƙirƙiro don siffanta sauti, irin su ɗumi da kaifi da faɗin fage, sun taimaka wa masu karatu, sun kuma jawo rigima. A 1970 mujallar Consumer Reports ta rubuta cewa a lasifikar Bose 901 kayan kiɗa kamar yawo suke yi a ɗaki. Kamfanin ya kai ƙara. Wata kotu ta gano cewa abin da injiniyan mujallar ya ji shi ne motsi a jikin bango, ba yawo a ɗaki ba. Sai a 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta rufe shari'ar, mujallar ta yi nasara. Shekara 14 ana jayayya a kan yadda za a faɗi abin da kunne ya ji.

Mutumin da ya mayar da wannan sha'ani ilimi shi ne Floyd Toole, wanda ya fara aiki a Hukumar Bincike ta Ƙasa da ke Ottawa a Kanada a 1965. Lasifika mai kyau yake nema don wani bincike daban, da ya auna waɗanda ake yabo sai ya tarar ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Ya rataya labule mara kauri wanda sauti ke ratsawa, ya jera lasifikoki a baya, ya kira abokan aiki su ba da maki. A hankali ya gano abubuwan da ke ɓata hukunci, ya riƙa toshe su ɗaya bayan ɗaya.

Babbansu shi ne ƙarfin sauti. Tun 1933 Fletcher da Munson na ɗakin binciken Bell suka nuna cewa kunne yana ƙara jin kauri idan sauti ya ƙaru. Saboda haka lasifikar da ta ɗara 'yar'uwarta ƙara, ko da desibel ɗaya ne, sai a ji kamar ta fi cika da armashi, kamar miyar da gishirinta ya ɗan fi a lomar farko. Mai shago da ya san wannan ba ya buƙatar yin ƙarya da baki, ɗan murɗa maɓalli ya ishe shi. Akwai kuma wurin ajiya: matsar da akwati taku ɗaya kusa da bango yana canza kaurinsa fiye da bambancin da ke tsakanin wasu lasifikoki biyu. Ga mantuwa, domin ainihin launin sauti daƙiƙu kaɗan yake yi a ƙwaƙwalwa; wanda ya ji wata yau ya ji wata jibi, abin da ya gaya wa kansa yake kwatantawa. Toole ya kuma lura cewa masu raunin ji makinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma aibi ya fi fitowa fili idan an saurari lasifika guda tilo maimakon biyu, domin daɗin sitiriyo yana ɗauke hankali.

Sakamakon da ya buga a 1985 da 1986 ya saɓa wa abin da kowa ke faɗa, wai sauti son rai ne. A bayan labule, masu lafiyar kunne sun fi karkata ga lasifikoki iri ɗaya: waɗanda ba sa fifita wani sashe na sauti a kan wani idan an auna su ta gaba, kuma sautin da suke watsawa gefe yana tafiya sumul. Na gefen nan yana da muhimmanci, don shi ne yake bugun bango da rufi ya dawo kunne. Kamfanonin Kanada irin su PSB na Paul Barton da Paradigm da Energy sun yi amfani da ɗakunan hukumar, suka yi suna da kaya masu kyau a farashi mai sauƙi.

A 1991 Toole ya koma kamfanin Harman, mai JBL da Infinity, a Kalifoniya. Shi da abokin aikinsa Sean Olive suka yi gwajin da ya fi kowanne shahara a 1994. Ma'aikatan kamfanin 40 suka saurari lasifikoki huɗu, da labule da kuma babu labule. Sa'ad da ido ke gani, manyan akwatuna masu sheƙi da tsada suka samu ƙarin maki, ƙaramar mai arha ta yi ƙasa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne batun wuri. A bayan labule, in an sauya wa lasifika mazauni makinta yakan canza, domin sautin ya canza da gaske. A fili kuwa makin kusan ba ya motsi. Mutum ya riga ya yanke hukunci da ido, kunne ya daina kai rahoto. Hausawa na cewa gani ya kori ji, a nan kuwa korar ta zahiri ce, kuma ƙwararrun cikinsu ba su tsira ba.

Daga baya Harman ta gina ɗaki na musamman a Northridge, inda wata na'ura mai aiki da iska ke ɗauko kowace lasifika ta ajiye ta a wuri guda cak cikin 'yan daƙiƙu, kwamfuta na hautsina jerin yadda ko mai gudanar da gwajin bai san wacce ke kiɗa ba. A 2003 Olive ya gwada mutane 268, da horarru da dillalai da ɗalibai da marubutan mujallu. Horarrun sun fi rowar maki, sun fi tsayawa kan magana ɗaya, amma jerin fifiko kusan ɗaya ne ga kowa. A 2004 ya fitar da lissafin da ke hasashen makin daga ma'auni kaɗai, ya gwada shi a kan lasifikoki 70, ya dace ƙwarai; kaurin sauti shi kaɗai ya ɗauki kusan kashi 30 cikin 100 na hukuncin. Hanyar aunawar, wato ɗaukar sauti daga kusurwa 70 kewaye da akwati a ɗakin da ba ya amsa kuwwa, ta zama ƙa'idar masana'antar Amurka a 2013.

Masu suka suna da abin faɗa, kuma bai kamata a toshe musu baki ba. Harman mai sayar da lasifika ce. Ɗaki ɗaya ba ya wakiltar kowane falo. Lasifikar da aka ƙera don kusurwar ɗaki, kamar Klipschorn ta Paul Klipsch ta 1946, ko mai fitar da sauti gaba da baya kamar Quad ta Peter Walker ta 1957, ba a yi mata adalci in an tsayar da ita inda ake tsayar da sauran. Kuma wanda ya sayi akwatin katako mai kyau don ya ƙawata ɗakinsa bai yi laifi ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne a karɓi kuɗin mutum da sunan sauti alhali kafinta da suna aka sayar masa, sannan a ƙi gwajin da zai nuna hakan. Labule da ma'aunin ƙara ba su da tsada.

Akwai matsalar da labulen bai warware ba, wadda Toole da kansa ya daɗe yana nanatawa. Da faifai ake gwada lasifika, faifan kuma an haɗa shi ne a situdiyo, inda injiniya ya daidaita kauri da kaifi bisa abin da wata lasifikar ta jiyar da shi. In tasa ta cika kaifi zai rage, faifan ya fito a dushe a gidan mai lasifika sahihiya. A shekarun 1980 ɗakunan haɗa waƙa da yawa sun dogara ga Yamaha NS-10, wadda aka yi ta tun farko don gida a 1978, kuma tsananin kaifinta ya sa injiniyoyi irin su Bob Clearmountain suka riƙa liƙa takardar tishu a kan ƙaramar lasifikarta ta sama. Waƙoƙin da aka haɗa a haka suna cikin waɗanda masu saye ke ɗauka zuwa shago yau don su gwada kayan dubban daloli.