Parol: Tarihin Fitilar Tauraro Ta Mutanen Filifin

Duk ɗalibin da ya ɗan daɗe a ƙasar waje, ko a Ingila yake, ko a ƙasashen Larabawa, ko Malesiya, da wuya a ce bai taɓa cuɗanya da mutanen Filifin ba. Su ne ma'aikatan jinya a asibitoci, su ne a kantuna da otal-otal, su ne kuma a cikin jiragen ruwa na dakon kaya. Idan ƙarshen shekara ya matso, mai lura zai ga wani abu a tagogin gidajen da suke haya: fitila mai siffar tauraro, kusurwa biyar, da jela biyu suna lilo a ƙasanta. Sunanta parol. Yawancinmu mukan wuce ne da zaton kayan ƙawa ne irin na kanti, alhali kuwa idan aka bi salsalarta za a tarar tarihin ƙasar na shekara ɗari huɗu da 'yan kai ne aka ɗaure da zare a jikin gora.

Da farko, ya kamata mai karatu ya san ƙasar da ake magana a kai. Filifin tarin tsibirai ne fiye da 7,600 a kudu maso gabashin Asiya. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mutanenta sun kai miliyan 109, kusan kashi 79 cikin ɗari mabiya ɗarikar Katolika, Musulmi kuwa kashi 6 da ɗoriya, akasarinsu a kudu, wato Mindanao da Sulu. Musulunci ya riga Kiristanci isa waɗannan tsibirai ta hannun fatake, har an kafa daular Sulu tun ƙarni na 15. Ferdinand Magellan ya iso da jiragen Sifaniya a 1521, ya sa aka yi wa sarkin Cebu da matarsa baftisma, amma bai ƙara wata guda a duniya ba mayaƙan Lapulapu suka kashe shi a tsibirin Mactan. Mulkin mallaka na haƙiƙa bai kafu ba sai da Miguel López de Legazpi ya sauka Cebu a 1565, sannan a 1571 ya mayar da Manila hedkwatarsa, garin da a lokacin sarakuna Musulmi ke riƙe da shi, cikinsu har da Raja Sulaiman. Sunan ƙasar ma daga Sarki Filib na Biyu na Sifaniya aka samo shi.

Akwai wani abu da sau da yawa ake tsallakewa, kuma idan aka tsallake shi ba za a fahimci Kirsimetin Filifin ba. Sifaniya ba daga birnin Madrid ta riƙa gudanar da waɗannan tsibirai kai tsaye ba. Ta hannun wakilin sarki da ke Meksiko ta mulke su har zuwa 1821. Tsawon shekara 250, daga 1565 zuwa 1815, manyan jiragen ruwa na iska suna kai da komo tsakanin Manila da Acapulco, su tafi da alharini da tangaran na ƙasar Sin, su dawo da azurfa. A cikin waɗannan jirage ne limaman coci da sojoji suka riƙa zuwa, da su da masara da koko da barkono, da kuma al'adun da suka riga suka ɗauki launin Meksiko. Saboda haka Kirsimetin da ya isa Manila ya riga ya yada zango a hanya.

Ɗaya daga cikin waɗannan al'adu ita ce addu'ar coci ta kwana tara kafin Kirsimeti, daga 16 zuwa 24 ga Disamba. A ƙarshen shekarun 1580 wani limami mai suna Diego de Soria, na cocin Acolman a Meksiko, ya samu izinin Paparoma Sixtus na Biyar na gudanar da ita a fili saboda yawan jama'a. Da al'adar ta isa Filifin sai aka mayar da ita ta asuba, wajen ƙarfe huɗu ko biyar, kuma dalilin da aka fi bayarwa shi ne lokacin ya dace da kakar shinkafa, manomi ba ya da sukunin zama a coci bayan rana ta fito. Sifaniyawa na kiranta Misa de Gallo, wato addu'ar carar zakara, 'yan ƙasa kuma na ce mata Simbang Gabi. To, a ƙauyen da ba lantarki, mutumin da zai fita ƙarfe huɗu na dare ya bi ta gonakin shinkafa yana bukatar abin haska hanya. Nan parol ta samo asali. Kalmar kanta farol ce ta Sifaniyanci, ma'anarta fitila, harshen Tagalog ya mayar da harafin farko "p". Kafin ta zama ado, kayan aiki ce kamar aci-balbal.

Yadda ake haɗa ta bai da wuya. A tsaga gora sirara, a ɗaure tauraro biyu da zare ko waya, a sa 'yan guntayen gora a tsakani don cikin ya buɗe, sai a lulluɓe da siririyar takarda mai launi wadda suke kira papel de hapon, takardar Japan. A da kyandir ake sawa a ciki ko 'yar fitilar man kwakwa. Masana da dama na ganin hannun Sinawa a wannan sana'a, kuma ba abin mamaki ba ne, domin Sinawa 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu sun cika Manila tun farkon mulkin mallaka, unguwarsu ta Binondo ma tun 1594 aka kafa ta. Fitilun farko ba duka ne taurari ba. Akwai masu kusurwa huɗu, akwai masu siffar kifi ko ɗan rago ko gicciye. Tauraro ya rinjayi sauran ne saboda labarin da ke cikin Linjila na tauraron da ya jagoranci masanan gabas zuwa Baitalami. A lardin Pampanga ana danganta babban tauraron farko ga wani mai sana'a, Francisco Estanislao, a farkon ƙarni na 20.

Pampanga ɗin nan, da ke arewa da Manila, ita ce gidan parol. Can akwai al'adar da ake kira lubenas, inda kowace unguwa ke fitowa da jerin gwanon fitilu a dararen nan tara. Da ma inda unguwanni suka jeru da kaya a hannu, gasa ba ta da nisa. An ce a garin Bacolor abin ya fara, sannan ya bi hedkwatar lardin da aka mayar San Fernando a 1904. Da lantarki ya iso San Fernando a 1931 sai fitilun suka fara girma, kowace unguwa na neman ta kere sa'a, har aka wayi gari da bikin da ake kira Ligligan Parul, gasar manyan fitilu da ake yi duk tsakiyar Disamba. Fitilar gasa a yau faɗinta ya kai ƙafa ashirin, da dubban ƙwayayen lantarki a cikinta, sai babbar mota ke iya ɗaukarta.

Abin da ya fi burge ni a wannan tarihi shi ne dabarar da ke sa ƙwayayen su yi rawa da kiɗa. A 1957 wani maƙerin fitila, Rodolfo David, ya fito da abin da suke kira rotor. Gangar ƙarfe ce a kwance wadda ake naɗe ta da salatif, sai a yanke salatif ɗin a wasu wurare bisa tsarin da mai zane ya shirya. A gefenta an jera fil irin na gashin mata, kowanne haɗe da waya zuwa rukunin ƙwayaye. Mutum ne ke juya gangar da hannu. Duk fil ɗin da ya taɓa ƙarfe ƙwayayensa su kama, wanda ya hau salatif nasa su mutu. Ɗaliban injiniya a cikinmu za su gane cewa wannan tsara umarni ne tun kafin kwamfuta ta zama ruwan dare, kuma har yanzu da shi ake gasar, duk da cewa an sami na'urorin zamani da za su iya aikin. A nawa ganin sun yi daidai da suka riƙe shi, domin gwanintar mai juyawa, wanda ke sauraron kiɗa yana daidaita hannunsa, ita ce rabin abin kallon.

Lardin ya ga tashin hankali a 1991 lokacin da dutsen Pinatubo ya yi aman wuta. Shekaru bayan haka, duk damina ruwa na kwaso toka da laka daga dutsen yana binne garuruwa, kuma a 1995 laka ta cinye rabin tsayin tsohuwar cocin San Guillermo da ke Bacolor. Cocin na nan ana ibada a cikinta, tagogin sama sun koma ƙofofi. Sana'ar fitila ma ba ta mutu ba. Tun kafin nan masu sana'ar sun fara amfani da capiz, ɓawon wata halittar teku dangin katantanwa, fari mai barin haske ya ratsa, wanda a zamanin Sifaniyawa da shi ake yin tagogi a maimakon gilashi. Parol ta capiz ba ta yagewa kamar ta takarda, tana shekaru, ana iya sa ta a kwali a aika wata ƙasa. Wannan ya yi amfani daga baya, kamar yadda za mu gani.

Idan muka shiga cikin gida kuwa, za mu tarar da sawun masu mulki na biyu. A 1898 Sifaniya ta miƙa Filifin ga Amurka a yarjejeniyar Faris a kan dala miliyan 20, ba tare da an tambayi masu ƙasar ba, kuma Amurka ta riƙe ta har 1946. Kafin zuwansu, adon cikin gida shi ne belen, wato 'yan mutum-mutumin da ke nuna haihuwar Annabi Isa a garken dabbobi, da Maryamu da makiyaya. Belen sunan Baitalami ne da Sifaniyanci, al'adar kuma ana danganta ta ga Francis na Assisi a Italiya a 1223. Amurkawa suka zo da makarantun Turanci, da katin gaisuwa, da Santa Claus, da bishiyar Kirsimeti. Sai dai ƙasa ce mai zafi, ba dusar ƙanƙara, irin bishiyar kuma sai a kan tsaunuka. Talaka bai tsaya jira ba: ya samo busasshen reshe ya shafa masa farin fenti, ko ya buɗe tsintsiyar kwakwa ya kafa ta a gwangwani, auduga ko kumfar sabulu ta zama dusar ƙanƙara. Bayan guguwar Haiyan ta 2013, wadda ta kashe mutum fiye da 6,000, an ga mazauna Tacloban suna haɗa bishiyar da tarkacen gidajensu.

Abinci ma haka yake a gauraye. A bakin coci bayan addu'ar asuba mata na sayar da bibingka, wata irin wainar shinkafa da ake gasawa a ganyen ayaba da garwashi sama da ƙasa, da puto bumbong da ake turarawa a cikin bututun gora, a kora da shayin citta. Waɗannan na gida ne. A daren 24 ga wata kuwa, liyafar Noche Buena, sai ka ga naman alade irin na Sifaniya da dunƙulen cukun Holan mai jan ɓawo. Washegari yara su zaga gidajen iyayen gidansu na baftisma, su kama hannun babba su ɗora a goshi, a ba su aguinaldo, sababbin takardun kuɗi, kamar dai goron salla a wajenmu.

Ana yawan cewa Filifin ce ke da Kirsimeti mafi tsawo a duniya, domin tun 1 ga Satumba gidajen rediyo ke sakin waƙoƙinsa, musamman na Jose Mari Chan daga faifansa na 1990, kuma ba a sauke ado sai Janairu. Wasu na ɗora wannan a kan tsananin riƙo da addini. Ni dai ina ganin addini ya ba da kwana tara ne. Sauran watannin kasuwa da ƙaura ne suka kawo su. A Disamban 1975 Shugaba Ferdinand Marcos ya sa hannu a dokar da ta wajabta biyan ma'aikata albashin wata na goma sha uku kafin 24 ga Disamba, manyan kantuna kuma suka koyi fara talla da wuri don su tare kuɗin. A shekarun 1970 ɗin dai gwamnatinsa ta mayar da tura ma'aikata ƙasashen waje manufar hukuma, lokacin da kuɗin man fetur ya buɗe ayyukan gine-gine a ƙasashen Larabawa. Miliyoyi suka fita. A 2023 kuɗin da suka aika gida ta bankuna ya haura dala biliyan 33, kuma Disamba ne watan da aiken ya fi yawa.

Wanda ke aiki a Riyad ko Hong Kong ko Landan, in yana son kayansa su isa gida kafin Kirsimeti, dole ya fara shiri da wuri. Akwai babban kwalin da suke kira balikbayan, wanda ake cikawa sannu a hankali da sabulu, man goge baki, cakulan, takalman yara da abincin gwangwani, a naɗe shi da salatif a ba jirgin ruwa, ya yi wata ɗaya ko biyu ko fiye a hanya. Uwar da ta bar 'ya'yanta wajen kakarsu don ta yi renon 'ya'yan wasu, a Satumba take rufe nata kwalin. Mu da muke auna kilo a filin jirgi saboda tsarabar 'yan uwa mun san nauyin irin wannan kaya.

Kwali na tafiya gida, parol kuma na fitowa waje. Masu sana'a a San Fernando na fara aiki tun tsakiyar shekara don cika odar 'yan ƙasarsu da ke ƙetare, ko da yake fitilun roba masu araha daga masana'antun ƙasar Sin na cin kasuwarsu. A Dubai dubban ma'aikata na cika harabar cocin Saint Mary don Simbang Gabi, amma da dare ake yi, bayan an tashi daga aiki, tunda mai aikin kanti ba shi da asubar manomi. A ranar 15 ga Disamba 2019 Paparoma Francis da kansa ya jagoranci wannan addu'a ga 'yan Filifin mazauna Rum a cocin Saint Peter, karo na farko da wani Paparoma ya yi haka. A gida kuwa har yanzu malaman firamare na ba yara aikin haɗa parol, kuma da yake takardar Japan ta yi wa wasu iyaye tsada, da yawa da robar lemo da murafun kwalba da ledar biskit suke zuwa da tasu.