Karaoke: Dalilin da ya sa waƙoƙin baƙin ciki ke da farin jini a Japan

Karaoke wata hanyar nishaɗi ce da ta samo asali daga ƙasar Japan. Na'ura ce ke sakin kiɗan waƙa zalla babu muryar mawaƙi, baitocin suna bayyana a allo, sai wanda ya riƙe makirufo ya rera da bakinsa. Sunan haɗin kalmomi biyu ne: "kara", wato fanko, da "oke", gajeren sunan ƙungiyar makaɗa. Duk da cewa wurin raha ne, waƙoƙin rabuwa da kewa da rashi suna cikin waɗanda aka fi zaɓa.

Asalinta

Galibi ana danganta na'urar ga Daisuke Inoue, wani makaɗi a birnin Kobe, wanda a 1971 ya fara ba mashayu hayar akwatin da ake jefa wa tsabar kuɗi ya saki kiɗa. Bai yi mata rajistar mallaka ba, don haka dukiyar da ta biyo baya ta wuce shi. A shekarun 1980 aka fito da ƙananan ɗakunan da ake haya da awa, abin da ya jawo iyalai da ɗalibai. A yau har akwai al'adar "hitokara", inda mutum ke kama ɗaki ya rera shi kaɗai.

Enka, uwar waƙoƙin kewa

Salon da ya fi shahara da baƙin ciki shi ne enka. Ana gane shi da tafiyar hawainiya da karkarwar murya da ake kira "kobushi". Jigoginsa sanannu ne: tashar jiragen ruwa, dusar ƙanƙarar arewacin ƙasar, jirgin ƙasan dare, masoyin da ya tafi da kuma ƙauyen da aka baro. Salon ya bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da matasan karkara suka yi ta kwarara zuwa Tokyo da Osaka neman aiki a masana'antu. Duk wanda ya taɓa yin cirani ya san irin wannan kewa.

Sarauniyar fagen ita ce Misora Hibari, wadda aka haifa a Yokohama a 1937, ta rasu a 1989. An san ta da zubar da hawaye a dandamali idan tana rera "Kanashii Sake", waƙarta ta 1966. Bayan rasuwarta ta zama mace ta farko da gwamnatin Japan ta ba Lambar Girmamawa ta Al'umma.

Waɗanda suka yi fice

A 1961 Kyu Sakamoto ya fitar da "Ue o Muite Aruko", waƙar mutumin da ke ƙoƙarin ɓoye hawayensa. A 1963 ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka da sunan "Sukiyaki", wanda sunan abinci ne da ba shi da alaƙa da ma'anarta. Sakamoto na cikin mutum 520 da suka rasu a hatsarin jirgin saman Japan Airlines ranar 12 ga Agusta, 1985, lamarin da ya ƙara wa waƙar nauyi a zukatan jama'a.

Matasan zamani ma ba su bar hanyar ba. Kenshi Yonezu ya fitar da "Lemon" a 2018, waƙar juyayin rashi da kakansa ya rasu yana tsaka da tsara ta. Ita ce ta zo ta ɗaya a jadawalin ƙarshen shekara na Billboard Japan a 2018 da 2019.

Me ya jawo haka?

Japanawa na girmama ɗabi'ar "gaman", wato juriya da haɗiye damuwa, wadda ta yi kusa da abin da Bahaushe ke kira haƙuri da kawaici. Suna kuma bambanta abin da ke zuci da fuskar da ake nuna wa jama'a. Ma'aikacin da ba zai iya faɗa wa abokan aikinsa cewa aurensa ya mutu ba, yana iya ɗaukar makirufo ya rera waƙar rabuwa a gabansu. Kalmomin na wani ne, saboda haka babu abin kunya, amma muryar tasa ce. Ladabin wurin kuma shi ne a saurara a tafa, ko da muryar ba ta da daɗi.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Matan da ke waƙar niƙa da daka sun daɗe suna saka kukansu game da kishiya ko miji ko nisan gida a cikin baitocin da suka gada, kowa ya ji, ba a kama sunan kowa ba. Bambancin shi ne a Japan an gina wa abin ɗaki, an sa masa na'ura, ana kuma biyan kuɗin awa.