Tukwanen Zangon Kumasi

Tsofaffinmu sun ce a da fataken goro daga Kano da Katsina iyakarsu Salaga. A can suke sauke kanwa da fata da baƙin rini, su labta wa jakuna goro su juya, domin sarakunan Asante ba su cika barin baƙo ya kutsa dajin da goron yake ba. Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874, Salaga ta kuɓuce wa Asante, yaƙin basasa kuma ya watsa ta a 1892. Da aka kama sarkin Asante Prempeh a 1896, aka gama yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, sai hanya ta buɗe. Fatake da mahauta da malamai da tsofaffin sojoji suka kwararo.

Baƙon da ya sauka da yamma, da ƙura a ƙafa, ba otal yake nema ba. Gidan maigidansa yake nufa, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya tsaya masa a ciniki. Wa ke ciyar da shi? Matan gidan. A ganina nan sana'ar abinci ta Zango ta samo tushe: tukunyar da aka ɗora don baƙi ta fi ƙarfin gida, sai aka ɗora wa yarinya tire ta fita talla, daga baya aka kafa tebur da benci a bakin titi. Annobar da ta faɗa wa Kumasi a 1924 ta sa hukuma ta rushe wani sashe na tsohon Zango ta gina Sabon Zango, mutane kuma suka ci gaba da bazuwa zuwa Aboabo da Asawase. Duk inda suka koma, murhu na gaba.

Kakata koko ta sayar a Aboabo. Gero take jiƙawa ya kwana, a kai inji da citta da kanumfari da barkono, ta tace da ƙyalle, ta bar gasarar ta yi tsami. Kafin kiran assalatu ruwa ya tafasa. Kusa da ita wata na suyar ƙosai da pinkaso. Masu dako na kasuwar Kejetia da direbobi da 'yan makaranta, Musulmi da Kirista, duk a layi ɗaya. Ba ta iya karatun boko ba, amma ba ta taɓa ɓata lissafin masu cin bashi ba, kuma da kuɗin kokon nan ta aurar da 'ya'yanta mata.

Shinkafa da wake, wadda duk Gana ke kira waakye, ta fi kowanne nisan tafiya. Karan dafi da 'yar kanwa ke ba ta jan launin nan. A zuba a ganye, a ɗora taliya da gari da shito da ganda da dafaffen ƙwai. Yau ma'aikacin banki a unguwar Adum zai tsaya da taye a wuya yana cewa, "Hajiya, ƙara min ganda." Tuwon zafi da miyar ayoyo shi ma ya shiga gidajen abincin da a da fufu kawai suka sani. A nan da masara da garin rogo ake tuƙa shi maimakon dawa.

Kada mu Hausawa mu ce namu ne mu kaɗai. Matan Dagomba da Gonja da Wala da Moshi da Zabarmawa sun sha hayaƙin murhun nan daidai da iyayenmu. Hausa ce harshen ciniki, shi ya sa sunayen suka bi ta.

Dare kuma na maza ne. A wasu unguwannin ana zama mashaya a kan giya da burukutu. Mu a Zango teburin mai shayi ne majalisa, da tukubar mai tsire, inda ake barbaɗa yajin ƙuliƙuli ana gardamar ƙungiyar ƙwallon Asante Kotoko har tsakar dare. Shanun da ake yankawa daga arewa suke gangarowa, daga Burkina Faso da Mali da Nijar, bisa tsohuwar hanyar fatake.

A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Gidaje da yawa a Zango suka rufe, wasu da aka haifa a nan suka tafi Najeriya da ba su taɓa gani ba. Matan da suka rage suka riƙe sana'ar, da ita aka ciyar da yaran da aka bari.

Littattafan tarihi sun adana sunan Malam Salau da Ahmadu Baba, sarakunan Zango. Na matan da suka ciyar da garin ba wanda ya rubuta. Wanda ke da tsohuwa a gida da ta taɓa riƙe ludayin sana'a, ya zauna da ita da wayarsa ya naɗi bayaninta: daga ina ta zo, wa ya koya mata, a wane lungu ta fara. A yi haka tun suna raye.