GIDAN MAKAMA: ƘASA, AZARA DA HANNUN MAGINA

 

Ya 'yan uwana matasa, duk wanda ya shigo birnin Kano ta Ƙofar Ɗan Agundi ya nufi fada, ba zai yi nisa ba zai iske wani tsohon gida na jar ƙasa, mai zankwaye a kansa, daura da Gidan Rumfa. Wannan shi ne Gidan Makama. Da yawanmu mun sha wuce shi a kan babur ko a adaidaita sahu ba tare da mun waiwaya ba, alhali kuwa yana cikin gidaje mafi tsufa da suka rage a ƙasar Hausa.

Abin da ya shahara a bakin masana tarihi shi ne an gina shi a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, tun yana riƙe da sarautar Makama. Rumfa ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499. Shi ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, ya gina fadar da ake kira da sunansa, kuma a zamaninsa ne Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili ya sauka a Kano ya rubuta masa nasiha kan yadda ake mulki bisa shari'a. Da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, sun yi amfani da gidan wajen aikin mulkinsu. Daga baya aka raba shi: wani sashe ya zama makaranta, wani ya ci gaba da zama na Makama, wani kuma ya zama gidan tarihi. A 1959 gwamnati ta sanya shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare.

Wanda ya shiga zauren ya ɗaga kai zai ga inda gwanintar take. Bangon dai na tubali ne, wato curin ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa aka shanya a rana, ana jera shi da kauri a ƙasa yana sirancewa yayin da yake hawa. Amma rufin ba ƙasa ke riƙe da shi ba. A cikin ƙasar akwai ƙwarangwal na itace, azara, wadda ake tsagowa daga gangar giginya. An zaɓe ta ne saboda taurinta, kuma gara ba ta cika cin ta ba. Sai dai tana da iyaka: in aka shimfiɗa ta a kan faɗin da ya wuce kamar ƙafa 6, aka ɗora mata nauyin ƙasa, sai ta lanƙwashe. To ta yaya aka rufe zaure mai faɗi haka?

Magina suka samo mafita da ake kira bakan gizo. Suna dasa azara a cikin bango tana leƙowa, su ɗaure wata a kanta ta ƙara leƙowa gaba, haka daga wannan bango haka daga wancan, har su haɗu a sama su zama baka. Sai a lulluɓe da ƙasa. In bakuna biyu suka gitta juna a tsakiya, shi ne ɗaurin guga. A kan bakunan nan ake jera gajerun azara, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, a shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Ruwan sama kuma indararo ne ke fitar da shi nesa da bango. Babu ƙusa, babu siminti, babu rodi. Irin wannan ilimi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙololuwa da shi a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe. Kowace damina tana cin rabonta, kowane rani sai an mayar. Saboda haka kada wani ya ɗauka duk ƙasar da yake gani a Gidan Makama ita ce hannun mutanen Rumfa ya taɓa. An sha gyara, an sha canji. Abin da ya tsallako shekara fiye da 500 shi ne wurin, da fasalin, da sanin yadda ake yi, daga magini zuwa ɗansa zuwa almajirinsa. Mu ɗaliban hadisi mun san wannan da sunan isnadi. In silsila ta yanke a mutum ɗaya, ruwaya ta raunana. Haka gini: ranar da aka rasa mai iya ɗaure bakan gizo, takardar doka ba za ta riƙe rufi ba.

Doka kuwa akwai ta. An yi ta kayan tarihi a 1953, aka kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979, kuma a 2007 aka shigar da ganuwar Kano cikin jerin wucin gadi na UNESCO. Duk da haka a 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa, maƙwabciyar Ɗan Agundi, domin faɗaɗa titi. Ita kanta badala kowa ya ga yadda aka yi ta ɗibar ƙasarta ana gina shaguna a gurbinta. A Ingila akwai wani gidan attajirai mai ƙwarangwal na katako, Little Moreton Hall, wanda aka fara ginawa jim kaɗan bayan rasuwar Rumfa. Tun 1938 yana hannun wata ƙungiyar kula da kayan gado, kuma abin da ya tsayar da shi shi ne kafintocin da suka san irin aikinsa da kuɗin da ake ware musu. Mafi kusa da mu, a Jenne ta ƙasar Mali, mutanen gari kan fito kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu na ƙasa da hannunsu.

Na san wasu daga cikinku za su ce: Malam, kula da kufai ba ƙofa ce ta wuce gona da iri ba? Tsoron yana da asali, domin Manzon Allah (SAW) ya hana mayar da kaburbura wuraren sujada. Amma neman tabarruki da bango daban, neman ilimi da izina daban. Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda na farko suka ƙare. Kuma ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa masallacin Annabi (SAW) a zamaninsa da tubalin ƙasa aka gina shi, ginshiƙansa kututturan dabino, rufinsa zarba, har ruwa ya taɓa zuba ya yi sujada cikin ruwa da taɓo. Ɗalibin da ya taɓa tsayawa ƙarƙashin rufin azara zai fahimci wannan hadisi fiye da wanda bai san komai ba sai kwano da silin.

Shawarata ga malaman Islamiyya da ke Ɗan Agundi da kewaye: ku kai ɗalibai Gidan Makama, ku nemi wani dattijon magini ya raka ku. Ku sa yaran su rubuta sunan kowane sashe na rufin kamar yadda ya faɗa, da wanda ya koya masa, da wanda ya koya wa wancan.