Harshen Breton: Yadda Ya Ja da Baya a Faransa

Breton harshe ne da ake yi a yankin Bretagne, arewa maso yammacin Faransa. Ɗan'uwan harshen mutanen Wales ne, domin waɗanda suka ƙetaro teku daga tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5 da na 6 su suka zo da shi. A 1499 aka buga Catholicon, ƙamus na Breton da Faransanci da Latin. Yankin ya haɗe da Faransa a 1532. Masu sarauta sun daɗe da komawa Faransanci, amma manoma da masunta sun riƙe harshensu a gona da kasuwa da coci.

Bayan juyin juya halin Faransa al'amura suka sauya. A 1794 wani limamin coci, Abbé Grégoire, ya gabatar wa majalisar ƙasar rahoton da ya nemi a kawar da harsunan yankuna. Daga 1882 karatun firamare ya zama dole, kuma da Faransanci ake yinsa. A makarantu da yawa, yaron da aka kama yana Breton sai a rataya masa "symbole" a wuya, sau da yawa takalmin katako. Ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani yaron, wanda kuwa aka tashi yana wuyansa shi ke shan horo. An yi irin wannan a makarantun Faransa na Afirka ta Yamma.

Waɗannan yara suka girma suna jin kunyar harshensu. Wajen 1950 masu Breton sun kai kimanin miliyan ɗaya, amma a daidai lokacin iyaye suka daina yi wa 'ya'yansu shi, don kada ya hana su ci gaba. Zuwa 2018 saura kusan 200,000, galibinsu tsofaffi. UNESCO ta sa shi cikin harsunan da ke cikin mummunan haɗari.

Gyara ya faro ne daga makaranta. Dokar Deixonne ta 1951 ta ba da damar koyar da shi, a 1977 kuma iyaye suka kafa makarantun Diwan, inda ake karatu da Breton. Yau dubban yara na koyonsa, allunan hanya kuma na ɗauke da harsuna biyu. Sai dai matasan da ke tasowa da shi ba su kai yawan tsofaffin da ke rasuwa ba, gidajen da ake renon yara da shi kuma kaɗan ne.