Ɗurin Bindigar Toka a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun

Bindigar toka, wadda ake kira adaka ko harbi-ka-ruga, ta baki ake ɗura ta. Maharbi zai zuba albarushi, ya tura tsumma, ya sa dalma ko guntayen ƙarfe, ya dake da sanda, ya yi harbi ɗaya, sannan ya koma farko. Aikin da masana'anta ke yi wa harsashin zamani bisa ma'auni, shi da hannunsa yake yi, a zaure ko a daji, kuma kuskuren awo a kansa yake fara ƙarewa.

Bindiga ta daɗe a ƙasar Hausa kafin ta zama kayan talaka. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi daga Nupe, kuma Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Yawancin bindigogin daga bakin teku suke fitowa, inda fataken Turawa ke sayar da su. A Zamfara kuwa baka da kibiya mai dafi su ne makamin maharbi da na mayaƙi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a Zamfara har ya zauna a Faru ta ƙasar Maradun, yana cikin labarin haɗarin bindiga da aka fi sani a wannan yanki: an ruwaito cewa kafin hijirarsa ta 1804 Sarkin Gobir Yunfa ya nufe shi da bindiga a Alƙalawa, sai wutar ta komo wa Yunfa ta ƙone shi. Malamai sun ɗauki abin a matsayin karama. Maharba kuma sun san irin wannan komowar wuta sarai.

Sai a ƙarshen ƙarni na 19 bindigogi suka yawaita a rundunonin Daular Sakkwato. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani yawancin Afirka, amma ta bar ƙofa ga masu ƙanƙara da albarushinsu. Da Sakkwato ta faɗi a Maris 1903, yaƙin sarakuna ya ƙare, adaka ta koma hannun mafarauta, da manoma masu korar birai da gyado, da 'yan bindigar hawan salla. Maƙera suka gwane wajen gyara, daga baya suka shiga ƙera ta da bututun ruwa ko na sitiyarin tsohuwar mota. A nan babbar matsala ta shigo, domin bututun ruwa ba don ɗaukar ƙarfin fashewa aka yi shi ba, kuma ɗinkinsa kan buɗe ba tare da wata alama ba.

Ƙa'idojin ɗuri daga raunukan mutane aka tattara su. Ba a zuba albarushi kai tsaye daga gora ko ƙaho zuwa bakin bindiga, sai an auna a wani ƙaramin mazubi, don garwashin tsumman harbin baya kan saura a ciki, ya kama, ya bi har gorar da ke hannu. Saboda haka ake dakatawa a share ciki kafin sabon ɗuri, kuma ba a ɗora fuska ko tafin hannu a kan baki. Sandar ɗuri ita ce shaida: gwani ya san iyakar inda take nutsewa in bindiga babu komai, in ta tsaya sama da haka to akwai tsohon ɗuri. Ɗuri a kan ɗuri yana cikin abubuwan da suka fi fasa bindiga, musamman wadda aka jingine a ɗaki wata da watanni har aka manta. In kuma aka ja kunama ta ƙi tashi, ba a leƙawa. Albarushin da ya sha raɓa ko danshin damina yakan yi jinkiri ya tashi daga baya, don haka ake riƙe bindigar baki na kallon inda ba kowa.

Ajiya ma da nata tsarin. Albarushi ba ya kwana kusa da murhu, ko fitila, ko maƙera, ko inda yaro zai kai hannu, kuma ba a taɓa shi da taba a baki. A gidan da rufinsa na ciyawa ne, lokacin hunturu, tartsatsi ɗaya ya isa.

Akwai haɗarin da magabata ba su sani ba. A 1884 Paul Vieille ya ƙirƙiro hodar harsashi marar hayaƙi a Faransa, kuma matsin da take haifarwa ya fi na albarushi nesa. Mai farke harsashin zamani ya juye hodarsa cikin adaka, ya auna da idon da ya saba, yakan rasa yatsu ko ido.

Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta ware bindigogin da ake ɗurawa ta baki a rukuni na musamman, ta kuma hana ƙera bindiga ba da izini ba, sai dai aiwatar da ita a ƙauye bai taɓa yin ƙarfi ba. Abin da ya fi tsare mutane shi ne tarbiyyar sana'a, inda yaro ke bin ubangidansa shekaru, ƙarƙashin idon Sarkin Baka, kafin a bar shi ya ɗura da kansa. Tun da ta'addancin 'yan bindiga ya mamaye dazuzzuka irin su Sububu da Bayan Ruwa a ƙasar Maradun, adaka ta shiga hannun 'yan sa-kai da manoman da ba su gaji farauta ba. A Janairun 2024 gwamnatin jihar ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara da horo na hukuma, amma mai adaka a ƙauyukan Bakura da Mafara har yanzu wajen maƙeri ko tsohon maharbi yake koyon ɗuri, in ya samu mai koya masa.