'Yan Daudu, Kyamara Da Doka: Taƙaitaccen Bayani

'Yan daudu maza ne masu ɗaukar salon magana da ɗabi'un mata. An san su da sayar da abinci a tashoshin mota da kasuwanni, da kuma halartar bukukuwa da wasan bori. Masu bincike sun nuna cewa daudu da luwaɗi abubuwa ne biyu daban, domin da yawa daga cikin 'yan daudu magidanta ne masu 'ya'ya.

Fitaccen rubutu a kansu shi ne littafin Ba'amurke Rudolf Gaudio, "Allah Made Us", wanda ya fito a 2009 bayan binciken da ya yi a Kano tun shekarun 1990. Marubucin ya sakaya sunayen waɗanda ya zanta da su domin kare su.

A fagen hoto kuwa, Rotimi Fani-Kayode, wanda aka haifa a Legas a 1955 ya kuma rasu a Landan a 1989, na cikin 'yan Najeriya na farko da suka taɓo wannan batu. A Afirka ta Kudu, Zanele Muholi ta soma tattara hotunan 'yan maɗigo baƙaƙen fata a 2006, shekarar da ƙasar ta halatta auren jinsi. Shi kuma Robin Hammond ya ɗauki wasu 'yan Najeriya a aikinsa mai suna "Where Love Is Illegal", inda wasunsu suka rufe fuskokinsu.

A ƙasashen Yamma, ana danganta bunƙasar fafutikar masu neman jinsi da tarzomar Stonewall a birnin New York a watan Yunin 1969. Holan ce ta fara halatta auren jinsi a 2001.

Najeriya ta bi wata hanya dabam. Sashe na 284 na kundin Penal Code na Arewa ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 14. Jihar Jigawa, wadda Haɗeja da Kafin Hausa ke cikinta, ta ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a 2000, kuma a ƙarƙashinta hukuncin luwaɗi na iya kaiwa ga jefewa. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya hannu kan dokar haramta auren jinsi: shekara 14 ga ma'auratan, shekara 10 ga masu kafa ƙungiyoyinsu ko tallafa musu.

Saboda haka hoto a wannan fage abu ne mai nauyi. Yanzu da kowa ke riƙe da waya mai kyamara, hoton biki guda da aka watsa a Facebook ko WhatsApp na iya jawo wa mutum kamu, ko korar mai gida, ko farmakin gungun jama'a, ko da babu hujja a kansa. Wanda ya jingina wa wani luwaɗi ba tare da shaida ba, shi ma yana iya fuskantar tuhumar ƙazafi ko ɓata suna a gaban kotu.